Bayan "Da Sauƙi": Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Jinyar Ciwon Daji da Cututtuka Masu Daɗewa

Shekara biyu da 'yan watanni na yi ina jinyar mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tun ranar da aka ce ƙarin da ke mamanta daji ne har Allah ya karɓi abinsa. Yawancin abin da na sani a barandar asibiti na koye shi, kan tabarma, tsakanin fulas da butoci, inda masu jinya ke kwana. Can na tsinci tambayoyin nan. Na bar kowace a bakin mai ita, shi ya sa wani wuri za a ga "ki", wani wuri "ka". Ni ba likita ba ce. Maganar magani ta likitan da ke duba majinyacinku ce.

1. Ciwon a jiki yake. Me ya kawo maganar zuciya da tunani?

Ciwon da ake iya jurewa da hantsi, lokacin da jikoki ke kai-kawo a tsakar gida, shi ne ke gagarar mutum ƙarfe biyun dare, alhali ƙarin bai ƙara girma ba. Tsoro ne ya samu fili. Cicely Saunders, Baturiyar Ingila da ta yi aikin nas kafin ta zama likita, wadda ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali na St Christopher's a Landan a 1967, ta koyar da cewa raɗaɗin irin wannan majinyaci a dunƙule yake: na jiki, na zuciya, na iyali da aljihu, da na tsakaninsa da Ubangijinsa. A taɓa ɗaya, sauran su motsa. Magidancin da ke lissafin kuɗin haya, ƙwayar da ta kwantar da maƙwabcin gadonsa ba lallai ta kwantar da shi ba.

Akwai ma'auni mai sauƙi da aka tsara a Amurka ƙarƙashin jagorancin likitar ƙwaƙwalwa Jimmie Holland: a ce wa mutum, daga sifiri zuwa 10, ina damuwarka ta kai a makon nan? Daga 4 zuwa sama, a zauna a bincika. Kai ma za ka iya yi wa Baba yau da daddare, sai dai ka karanta tambaya ta 4 kafin ka yarda da amsar farko.

2. Likita ya ja mu gefe ya faɗa mana. Baba bai sani ba. Mu faɗa masa ko mu rufe?

Mu ma rufewa muka yi. Yayanmu ya ce in Inna ta ji, fargaba za ta kashe ta kafin ciwon. Wata huɗu muna ce mata ƙari ne kawai, za a cire. Wata rana ina shafa mata man zaitun a ƙafa, ko dubana ba ta yi ba ta ce, "Ku kuna ta wahalar ɓoye mini, ni ina ta wahalar nuna muku ban sani ba." Ashe tun makon farko ta karanta a fuskokinmu, ta kuma ji matar gadon kusa tana kiran sunan ruwan da ake ƙara musu su biyun. Wata huɗun nan ita kaɗai ta yi dakon tsoronta, don duk wanda za ta faɗa wa yana cikin masu ce mata ba komai.

Ɓoyewa tana da wata tsadar. Wanda bai san abin da ke damunsa ba, da kemo, wato maganin daji mai ƙarfi da ake ƙara wa majinyaci, ya fara kayar da shi sai ya ce maganin ne ke kashe shi, ya ƙi komawa. Ba zai biya bashin da ke kansa ba, ba zai faɗi inda takardar gona take ba, ba zai nemi ƙaninsa da suka shekara goma ba sa ga maciji ba. Sannan jikinsa ne. Babba mai hankali yana da haƙƙin sanin abin da za a yanka ko a ɗura masa.

Amma akwai wanda da gaske ba ya son ji, wannan ma haƙƙinsa ne. Hanyar ganewa ita ce tambaya: "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, sakamako ya fito. Likita ya yi maka bayani da kanka, ko ya yi wa Yaya ya tsaya maka?" In ya ce ku dai ku ji, an bi zaɓinsa. In ya ce a faɗa, a zauna, a fara jin abin da shi ya fahimta, a ba shi kaɗan-kaɗan. Abin da ba a yi shi ne ya tambaya kai tsaye a rantse masa cewa ba komai.

3. Ta dube ni ta ce, "Zan tashi kuwa?" Na rasa abin cewa.

Kada ki yi saurin tare ta da "Haba, daina faɗin haka!" Tana gwada ko akwai wanda zai iya zama da ita a cikin maganar ne. Ki ajiye waya, ki ce, "Inna, me kike ji a ranki?" Sau da yawa abin da zai fito shi ne auta da ba ta yi aure ba, ko tsoron ciwon ya fi haka, ko kada a bar ta ita kaɗai a asibiti, waɗannan kuwa akwai abin yi a kansu. In ta nace, ki ce, "Rai na hannun Allah. Likitoci sun ce ciwon babba ne, ga abin da suke yi, kuma duk yadda ta kasance ba za mu bar ki ba." Kada ki yi alƙawarin da ba ya hannunki.

4. Kullum na tambaye shi jiki sai ya ce "da sauƙi", ina kuwa ganin yana cije baki.

Bahaushe ko ɗakin tiyata ake tura shi "da sauƙi" zai ce, kuma da gaskiyarsa: godiya ce ga Allah, kara ce ga mai tambaya. Matsalar ita ce a ɗauki gaisuwa a matsayin rahoto. Na sha ganin dattijo ya kwana yana nishi, da safe likitoci suka zagayo suka ce, "Baba, ya jiki?" ya ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi," aka rubuta aka wuce gado na gaba.

A bar gaisuwa ta wuce, sannan a yi tambayar da "da sauƙi" ba za ta amsa ba. Ka yi barci jiya? Sau nawa ciwon ya tashe ka? Ya fi na shekaranjiya ko bai kai ba? A kuma duba wa ke tambayar. Uba ba zai yi raki gaban 'yarsa ba, suruka ba za ta ce wa mijin 'yarta gyambonta na wari ba, ɗan fari da mahaifiyarsa akwai kunya tsakani. Amini, ko jika abokin wasa, kan ji abin da aka hana 'ya'ya. Inna ƙawarta ta ƙuruciya take faɗa wa komai, lokacin da take tsefe mata abin da ya rage na gashi. A wurinta muke samun labarin da muke kai wa likita.

5. Yaya zan bambance baƙin cikin da ya zama dole da ciwon damuwa mai buƙatar likita?

Kuka da fargaba bayan mummunan labari suna zuwa suna tafiya; mutum ya yi kuka da safe, da yamma jika ya ba shi dariya. Ciwon damuwa shi ne wanda ya zauna daram, mako biyu ko fiye, kusan kullum, ƙunci ba ya ɗagawa, abin da ke faranta masa a da ya daina. Rama da kasala ba su isa shaida ba, don ciwon da maganinsa suna kawo su. A fi lura da kalamansa: "na zame muku kaya", "ba ni da amfani", "alhaki ne ke bi na". A lura da juya fuska bango ko wa ya shigo, da rediyon da ba ya rabuwa da shi ya bari ya yi ƙura.

In ya ce gara ya mutu, kada a tsaya ga "daina saɓo". A tambaye shi a natse ko yana tunanin yi wa kansa wani abu. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. In ya amsa, a kawar da magunguna da fiya-fiya, kada a bar shi shi kaɗai, a sanar da likita a ranar.

Ciwon damuwa yana jin magani, har ga mai ciwon daji. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da likitocin ƙwaƙwalwa, ga asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, Kware da Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin hauka. Tsohuwar dokar 1958 da ake kira dokar hauka ma an maye gurbinta da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023. Ƙwayoyin kan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, kada a yar da su a kwana na biyar. Kada kuma a saya a kemis ba da sanin likita ba, don wasunsu suna rage ƙarfin tamoksifen da ake ba masu dajin mama.

6. Ana ta ce mana mu yi haƙuri. Kuka da faɗin "na gaji" ba rashin tawakkali ba ne?

Annabi (SAW) ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim ke barin duniya, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin Yusufu har idanunsa suka yi fari. Annabi Ayuba, da ake buga misali da haƙurinsa, ya ce wa Ubangijinsa cuta ta shafe ni, yana cikin Suratul Anbiya. To su wa mu?

Abin da na ga yana cutar da majinyata shi ne haƙurin da ake jefa musu don a rufe zance. Mace ta buɗe baki za ta faɗi tsoronta, a tare ta da "kaffara ce", ta haɗiye. Maganar gaskiya ce, amma a bari ta gama tata tukuna. Malami ko fasto mai taushin baki, wanda ya iya sauraro, babban magani ne. Malamin ne zai kwantar wa dattijo hankali cewa salla a zaune ko a kwance ta yi, taimama ta yi, kuma an yi wa mara lafiya rangwamen azumi. Tsofaffi da yawa rashin iya alwala ya fi ci musu rai fiye da ciwon.

7. Mijina mutum ne mai sanyi, yanzu ya zama mafaɗaci, kuma ni ke sha.

Mutumin da shekara talatin shi ke cefane, yau sai an riƙe shi zai shiga bayi. Ba zai yi wa ciwon tsawa ba, ba zai yi wa likita ba, sai ke da ya tabbata ba za ki tafi ba. In ya huce ki faɗa masa maganar ta yi miki zafi. A kuma mayar masa da ɗan abin da ciwo ya ƙwace: a yi shawara da shi kan kuɗin makarantar yara, ya zaɓi lokacin wankansa, kada a yi zancensa da likita a kansa kamar ba ya wurin.

Ki duba ko faɗan yana da rana. Cikin magungunan da ake haɗawa da kemo akwai deksametazon, mai hana barci da sa saurin fushi, yana kuma ɗaga suga. In kwana biyu-uku bayan kowane ƙarin ruwa ne gidan ke ɗaukar zafi, ki faɗa wa likita. Ciwon da ba a kashe ba shi ma yana sa faɗa, duba ta 11. In faɗan ya zo da ruɗewa, ta 8 ce taku.

8. Dare ɗaya ta fara sambatu, tana ganin waɗanda suka rasu, ba ta gane mu. Iska ce?

Ku yi mata addu'a, amma a hanyar asibiti. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya, tana lafawa da rana tana tashi da dare, galibi wata matsala ce a jiki ta taɓa ƙwaƙwalwa: ƙwayoyin cuta a jini ko fitsari, ƙarancin ruwa, suga ya faɗi, ƙoda ta kasa tace datti, sinadarin kalsiyam ya hau saboda daji ya taɓa ƙashi, fitsari ya tsaya, ko wani magani ya yi yawa. Da yawansu ana gyarawa mutum ya dawo hayyacinsa. Mai shan kemo da ya yi zazzaɓi kuwa, ko bai ruɗe ba, ba a jira gari ya waye.

Kafin ku isa, kada a yi gardama da ita, kada a ɗaure ta, kada a cika ɗakin da mutane da hayaƙi. Fitila a kunne, murya ɗaya da ta sani. Abin da ta faɗa a wannan hali kada a riƙe shi. Na san gidan da zumunci ya tsinke saboda tsohuwa ta kama sunan wata ta ce ita ta yi mata asiri, ita kuwa da ta farfaɗo ko tunawa ba ta yi.

9. Na dafa duk abin da yake so, ya ƙi ci. Har kuka nake yi.

Mu da abinci muke nuna kulawa, shi ya sa kwanon da ya dawo a rufe yake sukarmu. Amma daji in ya yi nisa yana kashe sha'awar ci, yana zaftare tsoka, kuma ɗura ba ta mayar da ita. Kemo kan sa baki ya yi ɗaci ko ya fashe, ƙamshin miya ya zama abin tayar da zuciya. Wasu tun daga ƙofar asibiti amai ke taso musu, ba a sa musu komai ba.

Ki faɗa wa likita, don tashin zuciya, ciwon baki da taurin bayan gida suna da magani, ciwon damuwa ma yana hana ci, duba ta 5. Sannan a rage kwano. Ludayi biyu na kunu a ƙaramin kofi sau shida ya fi malmalar tuwo guda da za ta tsorata shi. Nana A'isha takan sa a dama wa mara lafiya da mai baƙin ciki talbina, wani kunu mai ruwa-ruwa, kuma Tirmizi ya ruwaito hadisin da ke hana tilasta wa marasa lafiya ci da sha. Ranar da na daina tsayawa a kan Inna da cokali ina roƙo, ranar muka koma hira.

10. Dangi sun ce sammu ne, wasu sun ce daji ba ya son allura, a dawo da ita gida.

Maganar nan ta samu gindin zama ne daga abin da mutane suka gani: an kai mace asibiti, an yi aiki, ta rasu. Ba a lissafa watannin da ta yi tana shafe-shafe a gida kafin a kai ta. Dajin mama da aka kama da wuri ana warkewa, mata da yawa suna nan da ransu shekaru bayan aiki.

Amma kada ka ja daga da Gwaggo. Mai kawo rubutu da garin magani ita ma tsoro ne ya kama ta, tana so ta yi wani abu da hannunta. Addu'a, tofi da sadaka ba sa hana kemo. Iyaka biyu za ka kafa: ba a fasa ranar asibiti, kuma duk abin da za a sha ko a shafa a gyambo sai likita ya sani, don wasu jiƙe-jiƙen suna taɓa hanta da ƙoda, su ne kuwa ke tace kemo. Zargin kishiya ko facala ka kashe shi tun yana ƙarami, in ba haka ba mara lafiya ta rasa barci ta kuma rasa masu jinya.

11. An rubuta masa morfin, maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi. Ba zai zame masa jaraba ba? Ba alamar ƙarshe ba ce?

Da irin ɓarnar da tiramol da kodin suka yi wa matasa, ba laifi don an ji tsoro. Amma morfin da likita ya auna wa mai ciwo mai tsanani, ana sha kan lokaci, da wuya ya zama jaraba, kuma tsananin ciwo ake dubawa wajen ba da shi, ba kusancin ajali ba. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin hawa-hawa na kashe raɗaɗin daji: a fara da irin farasitamol, in bai yi ba a hau, a kuma sha bisa agogo, kada a jira ciwo ya dawo. Dakta Anne Merriman, wadda ta yi aiki a Najeriya kafin ta kafa gidan kula da masu ciwon ajali a Yuganda a 1993, ta nuna ana iya ba da ruwan morfin mai arha a gida, har a ƙauye. Ku yi shirin taurin bayan gida, kusan kowa yana samu, ku kuma kulle kwalbar inda yara da samari ba sa kaiwa.

12. An cire wa matata mama, gashinta ya zube. Ta daina bari in gan ta.

Abin da mata ke raɗa wa juna a layin kemo shi ne, "Zai ƙara aure." Wasu an yi musu, wasu an kai su gidan iyayensu jinya ba a sake waiwayarsu ba, kuma tsoron haka ke sa mata ɓoye ƙari har ya fashe. Matarka ta san waɗannan labaran. Kallon farko da za ka yi wa tabon take tsoro.

Kada ka matsa, kada kuma ka ja baya har ta ɗauka ƙyama ce. Ka ci abinci tare da ita, ka raka ta asibiti da ƙafarka maimakon aika ƙanwarka. Ba a ɗaukar daji ta kwano ko shimfiɗa. Gashi yana dawowa bayan an gama kemo. Maganar kwanciya ku tambayi likita, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: akwai kwanakin da ake son kariya, kuma ba a son ciki ya shiga ana tsakiyar magani. In kana da wata matar, kada a ce don wannan na ciwo kwananta ya faɗi, sai in ita ta yafe da bakinta.

13. Me za mu faɗa wa yara?

Gaskiya daidai tsawonsu. Yaro yana ganin ana ƙus-ƙus, an sayar da firij, uwa na amai. In ba a yi masa bayani ba zai ƙirƙiro nasa, ƙanana ma kan ɗauka rashin jinsu ne ya sa Umma ciwo. A ce masa ba kai ka jawo ba, ba a ɗauka, Anti ce za ta riƙa kai ka makaranta. Babbar 'ya kuma, da ake cirewa daga aji ta riƙe gida tana shekara sha uku, a tuna ita ma yarinya ce.

14. Ni ce mai jinya. Na gaji har wani lokaci ina jin da ma a huta. Ni muguwa ce?

A'a. Masu doguwar jinya da yawa sun ji haka, faɗa ne ba a yi. Ni a bayan wurin shanya na asibiti na yi nawa kukan, bayan kwana tara ina barci a zaune, ranar da na ɗaga wa Inna murya don ta zubar da kunu a zanen gado na ƙarshe mai tsabta. Wahalar nake so ta ƙare, tata da tawa. Kowa ya shigo "ya mai jiki?" yake cewa. A shekara biyu mutum ɗaya ce, wata nas mai aikin dare, ta tsaya ta ce, "Ke fa, kin ci abinci?"

Jinya a gidajenmu kan faɗa kan mace ɗaya, wadda ba ta aikin albashi, ko bazawara, ko matar ɗa. Sauran su turo kuɗi da "Allah ya ba da lada". Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki kira taron 'yan'uwa, kuma kada ki tsaya ga "ku taimaka". Wa zai kwana Talata da Juma'a? Wa zai bi layin kati? Wa zai nemo masu ba da jini? Wa zai tare ƙofa in 'yan dubiya sun yi zaman dirshan? Wa zai riƙe littafin kuɗi? Littafin nan kada ki raina shi, yawancin rigimar gidan jinya a kan "ina kuɗin da na turo?" take. Ku leƙa ofishin walwalar majinyata, ku kuma tambaya ko asibitinku na cikin asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya, wanda ya fara da dajin mama, na bakin mahaifa da wanda ke kama maza a ƙasan mafitsara.

In ke ma kin kai mako biyu ba barci, komai ya fita daga ranki, abin da ke tambaya ta 5 ya hau kanki. In kina da hawan jini ko suga, ranar asibitinki tana nan. Jikinki yana da haƙƙi a kanki, hadisi ne.

15. Namu ba daji ba ne: sikila ce, wankin ƙoda ne, shanyewar ɓarin jiki ce. Wannan ya shafe mu?

Ya shafe ku, har da ƙari, don naku ba shi da ranar gamawa. Mai wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, wajen awa huɗu a kan na'ura, bayan wata shida 'yan dubiya sun ɗauke ƙafa, kuɗi kuwa bai daina fita ba. A nan majinyaci ke gajiya da doka: mai suga ya sha lemo a ɓoye, mai ƙoda ya kwankwaɗi ruwa da zafin Afrilu, saurayi mai sikila ya ajiye maganinsa don ya gaji da zama daban da abokai. Tsaro irin na ɗan sanda ƙara abin yake yi. Gara a rage gishiri a tukunyar gidan gaba ɗaya da a ware masa kwanonsa.

Uwar mai sikila tana shan zargin dangin miji, alhali yaro ba ya samun ta sai ya gada daga uwa da uba duka. In ya ce ƙashinsa na ciwo, a yarda da shi. Masu shanyewar ɓarin jiki kuwa ciwon damuwa ya yawaita a cikinsu, wasu ma kuka ko dariya kan kufce musu ba dalili, saboda wurin da ciwon ya taɓa a ƙwaƙwalwa.

16. Likita ya ce magani ya daina aiki, mu koma gida. Shi ke nan?

Akwai fannin lafiya da aikinsa ke nan, sassauta ciwo da tsoro ga wanda ba a sa ran warkewarsa; asibitin koyarwa na Ibadan ya daɗe da sashensa, wasu manyan asibitocin ma sun buɗe. Kafin ku fita ku tambaya wa za ku kira da dare, ina za a sabunta morfin, yaya ake wanke gyambo ya rage wari, me za ku gani in lokaci ya matso. Sanin cewa barci zai yawaita, ci da sha su ragu, numfashi ya sauya, yana rage firgici.

In ya fara maganar bashi, ko wa yake son gani, a kawo biro, kada a ce "ba yanzu ba". Hadisin Ibn Umar cewa ya yi kada mai abin wasiyya ya kwana biyu ba ta rubuce ba. A ci gaba da yi masa magana ko ya daina amsawa, ana kyautata zaton yana ji.

17. Wata uku ke nan da rasuwarta. Har yanzu ina farkawa ƙarfe biyu in ba ta magani, kuma ina jin da laifina.

Kwanakin zaman makoki gida cike yake; da an watse sai mai jinya ta rage da ɗaki, kwalaben magani, da hannun da ya rasa aikin yi. "Da mun kai ta da wuri", "da ban yi mata tsawa ba", kowa da tasa. Da abin da kika sani a ranar kika yanke shawarwarin nan. Sanyin da kika ji a ranki da wahalar ta ƙare shi ma ba cin amana ba ne, duba ta 14. Baƙin cikin yakan lafa ya dawo ranar Salla, ko in kin ji ƙamshin man da kike shafa mata. In watanni suka yi ta wucewa kin kasa komawa harkokinki, ko rayuwa ta fita daga ranki, ki ga likita.

Ragowar morfin a mayar asibiti, kada a ba wani mai ciwo. Keken guragu da katifa kuwa akwai mai jiransu a barandar nan. Namu wata mata daga wajen Gumel muka ba, wadda ita da ɗanta suke tallabar mijinta daga bakin titi zuwa ɗakin wankin ƙoda.